Rushe ƙaramar madatsar ruwa: lakar da ke bayanta ce ke tsara aikin

Tambaya: "Malam, akwai tsohuwar madatsa ta kankare a rafin da ya ratsa ta gefen gonakinmu. Tsayinta kamar mita biyu da rabi. An gina ta ne don jan ruwa zuwa wata masana'anta da ta daɗe a rufe. Yanzu bayanta ya cika da laka, jikinta kuma ya tsattsage. Wasu sun ce a rushe ta don rafin ya farfaɗo. Mu kuma tsoronmu uku ne: kada rafin ya ƙafe, kada ambaliya ta ci na ƙasa da mu, kada kuma kifin da muke samu ya ɓace. Shin da gaske rushewar gyara ce?"

Ɗan'uwa, idan na fahimce ka da kyau, abu biyu kake son sani: ko madatsar da ta daina aikin da aka gina ta dominsa tana cutar da rafi, da kuma ko cire ta ba zai jawo wata ɓarnar da ta fi ta da ba. Amsar ta farko a mafi yawan lokuta e ce. Amsar ta biyu tana kwance a cikin lakar nan da ka ambata a wuce. Fasa kankare mai tsayin mita biyu da rabi aikin 'yan kwanaki ne ga katafila ɗaya. Abin da ke cin watanni, wani lokaci shekaru, shi ne sanin yawan lakar da irinta da inda za ta nufa idan an sake ta.

A ma'aunin injiniyoyi na duniya, ana kiran madatsa babba idan ta kai mita 15, ko kuma tana tsakanin mita 5 da 15 amma tana riƙe da ruwa fiye da kubik mita miliyan 3. Taku ba ta kama ƙafar wannan ba, kuma irinta ce ta fi yawa a ko'ina. Wani ƙidaya da aka wallafa a 2020 ya ƙiyasta shingaye aƙalla miliyan 1.2 a kogunan ƙasashe 36 na Turai, kuma kusan kashi 68 cikin ɗari ba su kai mita biyu ba. A Amurka an cire madatsu fiye da 2,000 tun daga 1912, a Turai kuma an cire shingaye 487 a 2023 kaɗai. Tarayyar Turai ta ɗauki alkawarin buɗe kilomita 25,000 na koguna kafin 2030. Don haka an tara gogewa sosai a wannan aiki, har da kurakurai masu tsada.

Abin da madatsa ke yi wa rafi

Rafi yana ɗauke da ruwa, yana kuma ɗauke da kaya: tsakuwa, yashi, laka, ganye da itace. Da zarar ruwa ya iso bayan madatsa gudunsa ya ragu, sai ya sauke kayan bi da bi. Tsakuwa ce ke fara zama can sama, yashi ya biyo, laka mai laushi kuma ta kwanta dab da bangon. Ruwan da ya tsallake ya fito da ƙarfinsa amma babu kaya, sai ya nemi abin ɗauka daga ƙasan rafin da gaɓarsa. Shi ya sa idan ka duba ƙasa da madatsarku za ka ga rafin ya yi zurfi, gaɓa ta tsaya a tsaye tana zubewa, saiwoyin bishiya a waje. Tsakuwar da kifaye da yawa ke zuba ƙwai a kanta, wadda ƙwarin ruwa ke ɓuya a ƙarƙashinta, ta binne a sama ta kuma ƙare a ƙasa.

Sai maganar zafi da iska. Ruwa mai faɗi marar zurfi da ke tsaye cikin rana yana ɗumi, ruwan ɗumi kuma ba ya riƙe oksijin da yawa. A zafin digiri 20 lita ɗaya tana iya riƙe miligiram 9 da ɗoriya, a digiri 30 kuwa kamar 7.5 ne. Ga kuma ruɓaɓɓen ganye a cikin laka yana cin nasa rabon, ga gansakuka tana shan iska da dare. Kafin wayewar gari oksijin kan faɗi ƙasa da miligiram 5, inda kifaye da yawa ke fara galabaita. Idan ka taɓa ganin kifi da asuba yana hamma a saman ruwa, abin da ke faruwa ke nan.

Na uku shi ne tare hanya. Kifaye da yawa suna hawa sama don zuba ƙwai, ko su nemi rami mai zurfi su yi rani a ciki. Bango mai mita biyu da rabi ya fi ƙarfin tsallen kusan kowane kifin rafi. Ana gina musu tsani a gefe, wato jerin ƙananan matakan ruwa da kifi zai bi ya hau, amma kada a ɗora masa buri. A ce tsani yana wuce da rabin kifin da ya iso, wanda ga kifin da ba gwanin tsalle ba ma an yi masa kara. Idan shingaye biyar ne a jere, cikin kifi 100 uku kawai za su kai sama.

Akwai kuma haɗarin da mutane ba su cika sani ba. A gindin irin wannan madatsa, ruwan da ya faɗo yana naɗewa ya komo wajen bango. Wanda ya faɗa ciki ruwan zai nutsar da shi, ya ɗago shi, ya sake mayar da shi, kuma kumfar wurin ba ta ɗaukar jiki kamar ruwa. Gwanayen iyo da masu zuwa ceto sun sha halaka a nan, a madatsun da ba su wuce mita ɗaya ba.

Tsoronku guda uku

Ambaliya tukuna, domin ita ce mafi sauƙin warwarewa da lissafi. Mu ƙaddara tafkin bayan madatsarku tsawonsa mita 300 ne, faɗinsa 30, wato murabba'in mita 9,000. A cike yake kullum, abin da ya shigo shi ke fita ta sama. Ko da ruwan ya ƙara hawa rabin mita lokacin ruwan sama, abin da ya riƙe kubik mita 4,500 ne. Ambaliyar da ke kawo kubik mita 15 a daƙiƙa za ta cike wannan cikin minti biyar. Madatsar da ke hana ambaliya ita ce mai babban wuri da aka bari fanko da gangan. Taku ba ta kare na ƙasa daga komai, tana ma ɗaga ruwa kan gonakin da ke sama da ita. Haɗarin gaske ga na ƙasa shi ne bango mai tsaga ya ɓalle da kansa a tsakiyar damina, ruwa da laka su tafi lokaci guda.

Ƙafewa kuwa sai an yi hattara da amsarta. Madatsa ba ta ƙirƙirar ruwa. Idan rafinku yana gudu duk shekara, zai ci gaba da gudu bayan an cire ta, har ma da ɗan ƙari, domin a wurare masu zafi da bushewa rana kan ɗebe mita ɗaya da rabi zuwa biyu daga saman tafki a shekara. Amma idan rafin na damina ne kawai, kuma tafkin nan ne kaɗai ruwan da ke saura da rani don dabbobi da ban ruwa, to madatsar tana da aiki ko da masana'antar ta rufe. A nan lissafin ya canza, kuma ba zan ce a rushe ba sai an samar da madadi. Haka kuma rijiyoyi marasa zurfi da ke kusa da tafkin za su iya sauka, saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa na gefen tafki yana bin matakin tafkin. A auna zurfin ruwan kowace rijiya kafin aiki, a rubuta, a san wadda za a ƙara wa zurfi.

Kifi zai canza, wannan babu ɓoyo. Masu son ruwa kwance da taɓo za su ragu a daidai wurin, masu son ruwa mai gudu da masu ƙaura za su dawo. Idan babu wani shinge a ƙasa, dawowar kan yi sauri. An cire madatsar Edwards a kogin Kennebec na jihar Maine ta Amurka a 1999, bayan ta tare kogin tun 1837, kuma cikin shekaru kifayen teku masu hawowa zuba ƙwai suka koma ana ƙirga su da miliyoyi. Amma idan akwai wata madatsa kilomita biyu ƙasa da taku, ribar da za ku gani ba za ta wuce ta ɗan tsakanin ba.

Karanta lakar kafin a taɓa bango

Aikin farko kwale-kwale ne da sandar ƙarfe mai tsawon mita uku ko huɗu wadda aka yi wa alama duk santimita goma. Ana ja igiya daga gaɓa zuwa gaɓa duk mita 20 ko 30, ana soka sandar duk mita uku zuwa biyar a kan igiyar. Hannu ne ke karantawa. A cikin laka sandar na sulalewa kamar a man shanu, a yashi tana ƙaiƙayi tana tirjewa, idan kuma ta buga tsakuwa ka ji ƙwas a tafin hannunka, to ka taɓa tsohon ƙasan rafin. Wannan zurfin ake rubutawa. Idan matsakaicinsa mita ɗaya ne a tafkin da muka ƙaddara, kuna da kubik mita 9,000, kimanin tifa 900 idan kowace na ɗaukar kubik mita goma.

Adadin shi kaɗai ba ya cewa komai sai an gwada shi da abin da rafin ya saba ɗauka a shekara. Idan abin da ya taru bai kai kayan shekara ɗaya ba, rafin zai kwashe shi ba tare da wani ya lura sosai ba. Idan ya haura na shekara goma, sai an yi tsari na musamman. Ƙananan madatsu da yawa sun cika tun da daɗewa, kayan kowace damina suna bi ta kansu suna wucewa, don haka abin da ke bayansu bai kai yadda ido ke gani ba. Kuma ba duka ne zai tafi ba. Rafin zai yanka hanya daidai faɗinsa na asali, sauran ya tsaya a gefe ya zama fadama.

Irin kayan ya fi yawansa muhimmanci. Yashi da tsakuwa alheri ne ga na ƙasa, su ne abin da aka hana su shekaru. Da aka cire madatsar Marmot a kogin Sandy na jihar Oregon ta Amurka a 2007, tana riƙe da yashi da tsakuwa fiye da kubik mita 700,000, kogin ya kwashe kusan rabi cikin shekarar farko, da saurin da ya wuce hasashe. Laka mai laushi baƙa mai wari ita ce matsala. Tana toshe matsatsin tsakuwa, tana liƙe wa kifi a gaɓoɓin numfashi, kuma idan aka motsa ta tana shanye oksijin ɗin ruwa cikin sa'o'i.

Kun ce don masana'anta aka gina madatsar, wannan kalma ita ta fi tsaya mini a rai cikin tambayarka. Guba irin su dalma, mekuri, kuromiyam na majema, maganin ƙwari da man inji suna liƙewa ne a jikin laka mai laushi, su kwanta shekaru hamsin ba su lalace ba. A 1973 an cire madatsar Fort Edward a kogin Hudson na jihar New York ba tare da an kula da wannan ba. Lakar cike take da wani sinadari mai guba da ake kira PCB daga masana'antun kayan lantarki da ke sama, ta bazu cikin kogin, aka hana cin kifi, kuma sai da aka yi aikin yasa daga 2009 zuwa 2015 don rage ɓarnar. Saboda haka a ɗebi samfuri da bututu, daga sama har ƙasan lakar, a wurare uku zuwa biyar a cikin tafkin, da ɗaya sama da shi, da ɗaya ƙasa da madatsar don kwatanci, a kai ɗakin gwaji. Ɗibar saman laka kawai yaudarar kai ce, tsohuwar gubar tana can ƙasa a shimfiɗar shekarun da masana'antar ke aiki. Idan gwaji ya nuna guba, ko a kwashe lakar a kai wurin da aka keɓe, ko a rufe ta a ɗaure ta a inda take, kuma wannan kan fi rushewar kanta tsada nesa ba kusa ba.

Yadda ake saukar da ita

Kafin komai a san mai madatsar a takarda, a nemi izinin hukumar ruwa da ta muhalli bisa dokar ƙasarku, a kuma zauna da na sama da na ƙasa. Sannan a taka rafin da ƙafa zuwa sama, har a wuce inda tafkin ya ƙare, ana neman ƙafar gada, bututun ruwa ko na mai da ya tsallaka a binne, bakin famfo da bangon gida. Dalili shi ne bayan an buɗe madatsa wani ɗan gangare kan bayyana a cikin lakar, ya riƙa cin baya yana hawa sama har sai rafin ya daidaita. Duk abin da aka gina a sama bayan an kafa madatsar an gina shi ne bisa tsammanin ƙasa za ta tsaya inda take. Inda akwai irin wannan, ana shimfiɗa manyan duwatsu a ƙasan rafin ƙasa da ginin don su tsayar da cin.

Sai rage ruwa. Idan akwai ƙofar ƙasa mai aiki a buɗe ta kaɗan kaɗan, idan babu a yanka tsaga a saman bangon. Abin da aka saba shi ne kada matakin ruwa ya sauka fiye da santimita 15 zuwa 30 a yini. Gaɓar da ta jiƙe shekaru tana jingine ne da ruwan tafki, idan aka janye shi da gaggawa ruwan da ke cikin ƙasar bai samu ya tsiyaye ba, sai gaɓar ta zame gaba ɗaya. Tsagar farko zurfinta santimita 30 zuwa 50 ya isa, a yanka ta kaɗan kaɗan don kada ruwa ya sauka fiye da wancan ƙima, a daidai inda tsohuwar hanyar rafin take, wanda sandar ƙarfe ta riga ta nuna. A jira ruwan ƙasa ya washe, kwanaki ko makonni, a sake yanka wata. Madatsa kamar taku za ta sauka a mataki biyar zuwa takwas. Inda kayan tsakuwa ne zalla kuma kaɗan ne, ana iya gamawa a zama ɗaya.

Zaɓen lokaci yana da ɗan sarƙaƙiya. Injuna sun fi son ruwa ya yi ƙasa, amma lokacin ne kuma ruwan ba shi da yawan da zai tsarma laka, ga zafi. Mafi dacewa shi ne ƙarshen lokacin ƙarancin ruwa, yadda manyan ruwaye na farko za su wanke abin da aka saki, muddin bai faɗa kan lokacin zuba ƙwan kifin wurin ba. A ajiye mutum da na'urar auna oksijin ƙasa da wurin aiki, safe da yamma. Idan ta nuna ƙasa da miligiram 5 a dakata. A tanadi kuma mutane da bokiti da koma, domin ruwa na janyewa kifi da ƙumba za su maƙale a ƙananan kududdufai, a tsince su a mayar cikin rafi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin gindi. Ɗan kwangila ya fasa abin da ido ke gani, ya bar tushe da daɓen kankaren da ke gaban madatsar a binne. Damina ɗaya ta share yashin da ya rufe su, sai ga sabon shinge mai rabin mita, an kashe kuɗi kifi bai wuce ba. A cire har ƙasa da tsohon ƙasan rafin, a faɗin da ya kai aƙalla inda ruwa ke kaiwa idan rafin ya cika baki. A yanke rodi kada a bar shi a tsaye. Fikafikan bango na gefe ana iya barinsu idan su ke riƙe da gaɓa ko hanya.

Bayan an gama, wurin zai yi muni, gara a faɗa wa mutane tun da wuri: fili ne na taɓo mai wari da tsofaffin tayoyi. A hana yara da dabbobi shiga har ya bushe, domin irin wannan taɓo yana riƙe mutum har ƙugu. Cikin makonni ciyawa za ta fito da kanta, lakar cike take da iri da taki. Matsalar ita ce baƙin tsirrai masu mamaya sun fi kowa sauri, don haka a watsa irin ciyawar wurin da zarar ƙasa ta ɗauki ƙafa, a dasa itatuwan bakin rafi a gaɓa. Kada a yi gaggawar jera duwatsu ko zuba kankare don a tsara wa rafin hanya. A bar shi damina biyu ko uku ya nemi tasa, a gyara inda ya yi barazana ga wani abu kawai.

Inda shawarar rushewa ba ta ci ba

Akwai madatsun da cire su ɓarna ce. A rafukan da ke zuba cikin manyan tafkunan Amurka da Kanada an gina ƙananan shingaye da gangan don tare wani baƙon kifi mai tsotsar jinin sauran kifaye. Idan ƙasa da madatsarku akwai baƙon kifi mai cinye na gida, sama kuma babu, to bangon nan garkuwa ne. Haka idan tafkin ya daɗe har ya zama mazaunin wata halitta da ba ta da wani wurin. A irin wannan hali akwai matsakaitan hanyoyi: a rage tsayin bangon, ko a cike gabansa da duwatsu ya zama gangare mai sauƙi kamar na mita ɗaya a cikin 20 zuwa 30, ko a haƙa wata ƙorama ta zagaye shi. Duk suna buƙatar kula ta dindindin, kuma ba su mayar da tafiyar yashi yadda cirewa ke yi.

Ta fuskar lafiya, a ƙasashe masu zafi ruwa kwance mai ciyawa gidan sauro ne da na dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Bayan an kammala madatsar Diama a kogin Senegal a 1986, tsargiya ta ɓarke a yankin, kuma cikin dalilan da masana suka gano akwai tare hanyar jatan lande mai cin dodon koɗin. Cire madatsa kan rage irin wannan mazauni, sai dai ba magani ba ce ita kaɗai, kuma a yankunan da ake da ciwon makantar kogi a tuna cewa ƙudan da ke yaɗa shi a ruwa mai gudu yake hayayyafa.

Daga nesa ba zan iya yanke muku hukunci ba, domin abubuwa uku da amsar ta rataya a kansu sai an je wurin: ko rafin na gudu duk shekara, abin da gwajin laka zai nuna, da abin da aka gina a sama. Idan rafin ba ya ƙafewa, lakar ba ta da guba, babu kuma gada ko bututu a hanyar cin baya, to ni a ganina a cire ta mataki mataki. Kafin nan ku nemi injiniya ya duba tsagar jikinta tun damina ba ta faɗi ba, musamman idan ruwan da ke tsiyaya ta cikinta ko ta ƙarƙashinta yana fitowa da launin ƙasa, domin wannan alama ce cewa yana kwashe abin da bangon ke zaune a kai.